'Yar Fari a Kan Ƙanƙara

Mutanen unguwar Ammariyya ta Jidda ba su gama mamakin yadda ƙanƙara ta zama filin wasa a garin da rana ke narka takalmin roba ba, sai ga 'yar gidan Nasir direba ta fara dawowa da jaka mai takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa. Ruba sunanta, shekararta tara. Makarantarsu ce ta kai su wani babban mol, katafaren ginin shaguna da ke hanyar Abhur, mai filin ƙanƙara a tsakiyarsa. Sauran yara suka yi ta zubewa suna rungumar katanga, ita kuwa ta saki hannu ta tafi abinta kamar a tsakar gidansu. Masu nadin wasan, wato ƙungiyar da ke koyar da yara a wurin, suka nemi iyayenta suka ce a riƙa kawo ta.

Da aka yi 'yan watanni aka ce yarinya ta wuce ajin gama-gari, sai a zaɓa mata malama tata ta kanta, wadda za ta riƙe ta har ta kai ga shiga gasa. Malamai mata biyu ne a nadin, kowacce kabtin ake ce mata. Nasir ya ce shi bai san kan wannan harka ba, iyakarsa ya ajiye su a ƙofar mol ya wuce Abhur wajen aikinsa.

"Ke za ki zaɓa, Umm Bilal," ya ce wa matarsa Juwairiyya. "Ke kike zama a wurin."

Da haka nauyin ya faɗo kan wadda ta fi kowa son yarinyar, ta kuma fi kowa rashin ikon nunawa. Ruba ce 'yar farinta. A Jidda aka haifi Juwairiyya, a nan aka haifi uwarta, ko a mafarki ba ta taɓa ganin Kano ba, amma kunyar ɗan fari da kakanni suka taho da ita a ƙafa tana nan a lungunsu ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ba ta kiran sunan yarinyar. In ta so ta sai ta ce "ke", in tana magana a kanta sai ta ce "'yar Hajiya", don surukarta Hajiya Dela ce mai ita a idon duniya. Ƙaninta Bilal kuwa a goya shi, a yi masa waƙa, a sumbace shi a gaban kowa, ba mai cewa kanzil.

Ko a mol ɗin ma, sauran iyaye su manne da gilashin filin suna ɗaukar hoto, Juwairiyya sai ta zauna a shagon shayi ta ba filin baya. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne kujerar da take zaɓa kullum tana fuskantar firijin lemo, kuma a jikin ƙofar firijin ana ganin filin gaba ɗaya, dishi-dishi. A nan take kallon 'yarta. In yarinyar ta juya kamar katantanwa sai ta ji zuciyarta ta cika fal, in ta faɗi sai ta damƙe kofin shayi har yatsunta su yi zafi, fuskarta kuwa ko gezau.

Aka fara gwaji da Kabtin Mashael, budurwa mai yawan dariya, wadda yara ke bi kamar 'yan tsaki. Ana gama darasi ta fito riƙe da hannun Ruba, tun daga nesa take ɗaga murya da Larabci.

"Ya Umm Ruba, wannan 'yar taki zinariya ce! Dubi ƙafa, dubi tsayuwa! Wallahi tun da na fara koyarwa ban ga irinta ba!"

Duk matan wurin suka waiwayo. Juwairiyya ta ji kamar an zare mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Ga kiran ta da sunan 'yar fari, ga yabo a bainar jama'a, ga idanu sun yi caa a kan ƙafafun yarinya. Masha Allah ɗin ma sai a ƙarshe ya fito, a gurguje, bayan ido ya riga ya gama aikinsa. Da yammacin ranar Ruba ta yi haɓo. Wataƙila sanyin fili ne da zafin titi, amma wa zai gaya wa Hajiya Dela haka? Tsohuwa ta yi tofi a ruwa, ta turara gida da habbatus sauda, ta ce ai baki ba ya tashi banza.

Ranar gwaji na biyu Hajiya da kanta ta ce da ita za a je. Kabtin Nadiya ce da darasin. Mace ce doguwa busasshiya, an ce a wata ƙasa mai sanyi ta yi ƙuruciyarta, aure ya kawo ta Jidda ta zauna. In lokacinta ya yi, sai a ja wani dogon labule shuɗi a rufe gilashin, wai kada iyaye su raba wa yara hankali. Ranar dai don baƙi ne aka bar gefe guda a buɗe. 'Yan ajinta suka shigo a jere, ba mai dariya, ba mai waiwaye. Wata ƙarama ta ɗauki gorar ruwa, ta kai baki, sai ta tsaya ta dubi Kabtin. Da ba a gyaɗa mata kai ba ta mayar da gorar ta ajiye.

"Kin ga tarbiyya," in ji Hajiya Dela.

A kusa da su akwai wata Bahaushiyar Sudan, Fatsuma, da ke kawo ƙaramar 'yarta wajen Mashael. Ta ji Hausarsu ta matso, aka gaisa, aka tambayi gida da yara. Can ta sassauta murya ta ce wa Juwairiyya, "'Yar'uwa, in shawara kike nema, babbar tawa wajen wannan take da. Har kofi ta ciwo mana." Ta gyara tobinta, lulluɓin nan na matan Sudan. "Yanzu ko ta ƙofar mol ɗin nan muka wuce sai ta kwantar da kai a mota."

"Me ya same ta?"

"Ba ta taɓa faɗa ba. Shi ya fi damuna."

Juwairiyya ta ji wani abu ya tsarga mata, amma ta danne. Yaran yanzu, ta ce a ranta, ko harara aka yi musu sai a kai su asibiti. Ita da malamin allo ya sha zane wa tafin ƙafa, ga ta nan ba abin da ya ragu a jikinta.

Da aka tashi Kabtin Nadiya ta zo inda suke, ba murmushi, ba ɗaga murya. Ta ce, "Ba laifi. Ƙafarta ta dama malalaciya ce, kuma tana son a kalle ta. Za a iya gyarawa." Wannan magana ta yi wa Juwairiyya daɗi kamar ruwan sanyi. Ga mace mai kan gado, wadda ba za ta tara wa yarinya idon mutane ba. Sai Kabtin ta ƙura mata ido ta ce, "Gaya mini halinta. Tana kuka? Tana ƙorafi?"

To, a nan ne baki ya yanka wuya. A Ammariyya, duk uwar da ta kai ɗa wajen malami ko mai sana'a, akwai abin da ake faɗa, kuma kowa ya san ba a nufinsa. A kushe yaro, malami ya ce haba, ai yaron kirki ne, a yi dariya, amana ta ƙullu. Balle 'yar fari, balle ga suruka a zaune tana sauraro. Juwairiyya ta kawar da kai ta ce da Larabcinta na 'yar gari:

"Raguwa ce, ga son jiki. In ta ce miki wani wuri na mata ciwo kada ki biye mata, ƙarya ce. Na ba ki ita."

Ta jira a ce haba. Ba a ce ba. Kabtin Nadiya ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka miƙa wa makullin da ta daɗe tana nema, ta ce, "Na gode. Iyaye ba su cika faɗin gaskiya ba." A kan bencin da ke bayansu Ruba na kwance igiyar takalmi. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Da a ce da Hausa aka yi maganar, da wataƙila rabi ya wuce ta, amma Larabci shi ne harshen da take mafarki da shi.

Tun daga ranar labule ya rufe tsakaninsu. Juwairiyya ta ci gaba da zama a kujerarta, sai dai yanzu ba abin da ke jikin ƙofar firijin sai shuɗin yadi. Takan ji ƙarar ƙarfe na kankare ƙanƙara, ta ji tafi ɗaya mai kaifi, sai tim, sai shiru, sai tafi kuma. Ba ta taɓa jin kuka ba. Da farko hakan ya kwantar mata da hankali, daga baya shi ne ya fara hana ta shan shayin.

A gida yarinyar da ake ce wa rediyo ta zama bebiya. Da, tun daga bakin lungu ake jin ta tana ba kakarta labari, rabi Hausa rabi Larabci, tana zamiya da safa a kan tayil har ta ture faranti. Yanzu sai ta shigo ta wuce ɗaki. A ɗora mata tamis da ful, gurasa da waken da aka saba ci a garin, ta gutsuri kaɗan ta ture, ta ce Kabtin ta ce nauyi na hana tashi. A ce ta zo ta yi wasa da ƙaninta, ta ce Kabtin ta ce hutu ma aiki ne. Kabtin ta ce, Kabtin ta ce, har Nasir ya fara tsokanarta da cewa shi ma zai nemi izinin Kabtin kafin ya tayar da mota. Hajiya Dela kuwa cewa take yarinya ta yi hankali, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Juwairiyya ita kaɗai ta lura cewa in Ruba za ta hau matakala sai ta fara leƙawa ko akwai mai kallo, kuma ko a tsakiyar zafi ba ta cire safa.

Ruwa ba ya tsami banza, ta san da haka. Sau da yawa ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta ji kamar duk matan zuriyarsu sun zuba mata ido, ta mayar da maganar ta ce, "Ke, ɗauke jakar nan daga hanya."

Bikin wata 'yar ƙanwar Nasir ne ya tona asiri. A Balad, tsohon cikin garin Jidda, ake yi, a wani tsohon gida mai tagogin katako, mata sun cika soro da tsakar gida, an kwaɓa lalle a manyan kwanuka. Aka jera 'yan mata ana yi musu, aka zo kan Ruba ta ce hannu kawai. Mai lalle ta kai hannu za ta zare mata safa, yarinya ta fizge ƙafa ta tashi ta shige bayi. Mata suka yi dariya suka ce 'yar ƙanƙara ta fi ƙarfin lalle. Juwairiyya ta bari hankali ya koma kan amarya, sannan ta sulale ta bi ta, ta tura ƙofa ta rufe.

"Ke, cire."

"Mafi shai, Mama. Ba komai."

"Na ce cire."

Ƙarƙashin safar akwai farin filasta, an naɗe shi tamau. Da ta warware, sai da ta dafa bango. Idon sawun dama ya kumbura ya shafe ƙashin gaba ɗaya, ya yi baƙi-baƙi kamar ƙoda, kumburin ya gangara har yatsu. Ta taɓa da ɗan yatsa. Yarinya ta ja numfashi ta cije leɓe.

"Inna lillahi. Tun yaushe? Wa ya naɗe miki?"

"Kabtin. Ta ce ciwo a kai yake, ba a ƙafa ba." Ruba ta dubi famfo, ba ta dubi uwarta ba. "Na gaya mata marra ɗaya, sau ɗaya tak. Ta tara banat, 'yan matan duka, ta ce ga kazzaba, uwarta ma ta ce maƙaryaciya ce. Halas, ban sake ba."

"Ni me ya hana ki gaya mini?"

A nan ne yarinyar ta ɗago. Babu fushi a idonta, da ma fushin ne da da sauƙi. Mamaki ne kawai, irin na wanda aka tambaya abin da kowa ya sani.

"Ai ke kika faɗa mata."

Juwairiyya ta so ta durƙusa ta rungume ta, ta ce ba haka ake nufi ba, magana ce ta baka, ni ma haka aka faɗa a kaina. Aka buga ƙofa, wata na neman buta. Ta mayar da filastan, ta ja safar ta rufe, suka fita ɗaya bayan ɗaya kamar ba tare suke ba.

Washegari Asabar ce, ranar da Kabtin Nadiya za ta tace waɗanda za su je gasa. A daren bikin, da Nasir ya zo bayan magariba ɗaukar mahaifiyarsa da yara, ita Juwairiyya kwana za ta yi, don tana cikin masu tukunyar safe. Ta same shi a ƙofar gida, Hajiya na gefensa, dangin miji sun kewaye su. Abin da ta iya cewa shi ne, "Abu Bilal, da an bar 'yar Hajiya ta huta gobe."

"Lalle duniya ta zo ƙarshe!" in ji Hajiya Dela tana tafa hannu. "Yau ke ce mai tsaya wa 'yar fari? Ku zo ku ji, Juwairiyya ta zama Baturiya!"

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi, don ba yadda za ta yi. Bayan sun tafi ta tura masa saƙo a waya ta ce don Allah kada a kai ta. Ta rubuta dalili, ta goge, ta sake rubutawa, ta ga kamar Hajiya za ta karɓi wayar ta karanta, ta bar shi haka. Ta yi niyyar da ta sauke tukunya ta koma gida ta kai yarinyar asibiti ba tare da kowa ya sani ba. Da hantsi, tana tsakiyar juya shinkafa, amsarsa ta shigo: ya tambayi yarinya ta ce lafiyarta ƙalau, ta yi ta kuka sai an kai ta, ya ajiye ta ya wuce aiki.

Ta saki ludayi a cikin tukunya. Ba ta yi wa kowa sallama ba, ta zura abaya a kan kayan girki, da silifan bayi a ƙafarta, ta ratsa lungunan Balad ta tare tasi. Duk tsawon titin Madina tana ce wa direba yalla, yana ce mata cunkoson ba shi ya kawo shi ba.

Labulen a rufe yake. Mai gadin ƙofa ta ce ba a shiga lokacin Kabtin Nadiya, doka ce. Juwairiyya na ta magiya sai ga Kabtin Mashael ta fito daga ofis. Ta dubi fuskarta, ta dubi silifan, ba ta tambayi komai ba ta buɗe mata ƙofar gefe. "Na yi magana a kan tafiyar yarinyar nan har sau biyu," ta ce a hankali. "Aka ce mini uwarta ta yarda."

Sanyi ya doki fuskarta. Ba ta taɓa shigowa nan ba, ba ta san filin ya kai haka faɗi ba. 'Yan mata na jere a gefe, hannu a baya. Can a tsakiya Ruba ke tsaye ita kaɗai cikin farar riga, 'yar mitsitsiya, Kabtin Nadiya na nesa da ita kaɗan. Juwairiyya ta taka ƙanƙarar. Taku na biyu silifa ya kwashe ta, ta zube a kan gwiwoyi, ta yunƙura ta sake zamewa. Ta rarrafa, tafin hannunta na mannewa da sanyi, ta ga ko kwana za ta yi ba za ta kai tsakiyar nan ba.

"Ki fito!" ta ɗaga murya. "Ta'ali, mu tafi gida! Ƙafarki!"

Ruba ta juyo ta gan ta. Sai ta mayar da ido ga Kabtin.

"Ga mahaifiyarki," in ji Kabtin Nadiya, muryarta a kwance. "Ba na riƙe kowa. Ki gaya mata, akwai inda ke miki ciwo? In akwai, ki tafi, kuma ba sai kin dawo ba."

"Babu," in ji Ruba.

"Akwai! Na gani da idona!" Hawaye ya ɓalle wa Juwairiyya, a gaban yara, a gaban Mashael, ba ta damu ba. "Ba maƙaryaciya ba ce! Ni ce na yi ƙarya! 'Yata ce, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba!"

Yarinyar ta zamo kaɗan wajenta, ta tsaya inda hannu ba zai kai ba. Ta yi magana da Hausarta mai tsinka-tsinka, don kada sauran su ji.

"Mama, ki tashi, aib. Ki koma wajen shayi. Kabtin ita tana kallona, kullum, ko na faɗi tana kallona. Yau zan yi daidai."

"Ni ma ina..."

Tafi ɗaya ya katse ta. Kiɗa ya tashi daga sama. Mashael ta ruga ɗauko takalmanta tana kiran a kashe kiɗan, amma Ruba ta riga ta juya baya, ta fara zamiya da baya-baya tana ƙara gudu, tana zagaya filin, idonta a kan doguwar matar. Juwairiyya na durƙushe, ruwan ƙanƙara ya jiƙa mata abaya har cinya, ta buɗe ido biyu tana kallo. Ta ga yarinyar ta ware hannuwa, ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗage ƙafar hagu, ta ɗora nauyinta duka a kan ta dama.